Karan Oriokot

Ikilai ta tuttula ruwan zafi a tukunyar ajon, giyar tamba, kumfa ta taso, ƙamshin tamba ya cika gindin mangwaron. Ita ta fara kurɓa, kamar yadda aka saba, don kowa ya shaida ba ta zuba wani abu ba. Sannan maza goma sha biyu suka zura dogayen karansu masu rami a tukunyar, ita kuwa ta koma gefe ta harɗe hannuwa, idonta a kan mutum ɗaya.

Oriokot, shugaban ƙungiyar mashayan, shi ne na ƙarshe. Ya zaro karansa daga kuben gora, ya goge shi da gefen riga, ya zura. Kumatunsa suka lotsa sau biyu. Ya cire karan daga baki, ya tofar da yawu.

"Ikilai, wannan giya ce ko ruwan wankin tukunya?"

Wata bakwai ke nan ana haka, duk Asabar. Wata rana ya ce ta yi tsami, wata rana ya ce salam, wata rana ya ce warin hayaƙi take. Sai ya jingine karan a kafaɗa ya kama surutun shanu da siyasa har rana ta faɗi, ya tashi ya tafi gida a miƙe, sauran suna tangaɗi.

A garin Ngora, in Oriokot ya ce giya ta lalace, to ta lalace. Shekara ashirin harshensa ne ma'auni. Mutanen da suka sha tukunyar Ikilai tun tana amarya suka fara yamutsa fuska suna sha, ba don bakinsu ya gaya musu komai ba, sai don na shugaba ya faɗa. Munafukai, ba su taɓa barin ko ɗigo a gindin tukunyar ba.

Babu abin da matar nan ba ta yi ba. Ta sauya tamba, ta sayi sabuwar tukunya, ta riƙa ɗebo ruwa daga rijiyar bayan coci mai nisa. Ta binne ƙullun giyar sati biyu cur, ta soya shi da hannunta har hayaƙi ya ci mata ido. A banza. Ta tsane shi tsanar da ba ta taɓa yi wa wani mahaluƙi ba, har ramar da ya yi a 'yan watannin nan daɗi take mata.

Yau kuma ranar yanke hukunci ce. Ƙungiya za ta ɗaga hannu: a ci gaba da zama wurin Ikilai, ko a koma wurin Tino, mai dafa giya a bakin kasuwa. In suka tashi, sauran masu saye za su bi su, jikokinta uku kuwa da wannan tukunyar suke ci.

Ƙungiyar ba ta san sassauci ba. Wanda ya hura iska a tukunya, waje. Wanda ya taɓa karan wani, waje. Wanda ya daina sha kuwa ba shi da mazauni, ko waye shi. Bara da wani tsohon ɗan ƙungiya ya tuba ya bar giya, ya roƙi a bar shi ya riƙa zuwa hira kawai, Oriokot da kansa ya ɗauki kujerarsa ya jefa kan hanya.

Ebiau, mataimakin shugaba, ya gyara murya yana kallon ƙasa. "To, jama'a, shugaba ya yi magana. Masu son a koma wurin Tino..."

Hannuwa suka fara tashi a sanyaye. Huɗu. Shida.

"Ku dakata," in ji Ikilai.

Ta ratsa tsakaninsu, ta tsallake karan mutum biyu, abin da ba a yi. Ta tsaya a kan Oriokot.

"Baba, mutum goma sha ɗaya suna sha suna lasar baki, kai kaɗai kake jin ruɓa. Ko dai bakinka ne ya ruɓe, ko karanka. Kawo in ji."

"Ke, kin haukace? Ebiau, fitar min da matar nan!"

"A gidana? Fitar da ni mana, Ebiau, in ga ƙarfinka."

Ebiau bai motsa ba. Oriokot ya ja karan zuwa ƙirjinsa ya riƙe da hannu biyu, amma hannuwan sun yi laushi, fizga ɗaya ta raba shi da shi. Wani ya ce ai ta gama kashe kanta, wani ya ce a bar ta ta ƙarasa.

Ta zura karan a tukunya ta zuƙa. Ta sake zuƙa har jijiyar wuyanta ta fito. Ta ɗago ta dube shi. Gumi ya karyo masa, fararen idanunsa sun yi rawaya, yana girgiza mata kai a hankali, irin na mai roƙo.

Da wata bakwai da suka wuce ne, da ta ji tausayinsa. Ta ɗora karan a gwiwa ta karya shi biyu, ta ɗaga sama kowa ya gani.

Cikinsa cushe yake da kakin zuma, tsohon kaki da ya yi baƙi ya ƙandare. Tun ranar da likita ya duba hantarsa ya ce masa ko giya ko rai, Oriokot ya toshe karan don kada a jefa kujerarsa kan hanya, kuma giyar da ya shafe wata bakwai yana zagi ko ɗigo ɗaya ba ta taɓa shiga bakinsa ba.