Na Uku a Jana'izar Malam Sallau

Tun da aka soke ƙungiyar malamai aka dasa mana wani ɗan ƙarfe a wuyan hannu. In malamai uku suka haɗu sai ya ɗauki ƙara, hukuncinsa kuma kora.

Ranar jana'izar Malam Sallau, shugaban makarantarmu, cikin malamai ni da Malam Barau kaɗai muka je. Muna shiga sahu hannuwanmu suka ɗauki ƙara. Har daga cikin likkafani ana jin ta.

"Ba su cire masa nasa ba," in ji Barau a hankali. "Tanimu, ɗalibinsa ne kai. Kai ka tsaya, ni zan tafi."

"A'a Malam, kai ka yi jinyarsa."

Sai da na tsallaka titi ƙarar ta ɗauke. A can na yi masa kabbara huɗu, ni kaɗai.