Goron Mai Akumari

To, Malam Jatau, ka ce wani ya yi maka alkawarin zai liƙa adireshin shafinka na sayar da irin shuka a shafuka dubu, na caca da na tsegumi da na maganin farin jini, wai don injin bincike ya ɗaga ka sama, masu saye su yi ta tururuwa. Ajiye wayar nan tukuna, ka ba ni kunnenka.

An yi wani mai ɗinkin akumari, abin nan da ake shimfiɗa wa jaki a baya kafin a ɗora masa kaya. Gwani ne, wannan ba gardama. Jakin da ya sa akumarinsa sai ya je Gwanja ya dawo bayansa bai yi miki ba. Matsalarsa ɗaya, garinsu a lungu yake, nesa da hanyar fatake, sai wanda aka kwatanta wa yake zuwa. Mai kwatancen kuwa wani tsohon mai fito ne a bakin kogi, wanda duk baƙon da ya shiga jirginsa sai ya tambaye shi ina ake samun kaza, ina ake samun kaza. Tsohon nan bai taɓa riƙe allura ba, jaki ma ba shi da shi. Sauraro ya iya. Yana tuƙi yana jin hirar masu ƙetarewa, yana lura da wa ya yabi wa, kuma me ya haɗa mai yabon da abin da yake yabo. Fatake biyu ko uku da suka saba da mai akumari sukan ambace shi in hira ta biyo ta kan jakuna. Sai tsohon ya dubi bayan dabbobinsu da aka sauke wa kaya a bakin ruwa, ya ga lafiya lau, ya riƙe sunan. Da wannan ɗan kwatancen gidan mai akumari yake cin tuwo.

Amma ka san ɗan Adam. Mai akumari ya ga abin yana zuwa masa ɗigo-ɗigo, ga iyali sun yi yawa, ga wani mai irin sana'arsa ya kafa rumfa a gari na gaba. Tsoro ya kama shi kada sana'ar da ya gada ta mutu a hannunsa. Ya ce a ransa, in baki uku sun kawo tuwo, ai baki ɗari sai nama. Ya sayi goro ya bi kasuwa yana rabawa, wanzami da mai tallan fura da makaɗi da 'yan cacan gindin tsamiya, duk wanda ya san yana hawa jirgin nan. Sharaɗinsa kawai, in an shiga ruwa a ambaci sunansa. Suka cika alkawari har suka zarce. Ana zancen tsadar gishiri, sai mai fura ta ce ai akumari sai wane. Ana yi wa wani ta'aziyya, sai makaɗi ya ce Allah ya ji ƙan mamaci, amma fa akumari sai wane. Haba, jama'a!

Da kaka ta yi, aka ce ga babban ayari nan tafe, jakuna ba iyaka, ruwan damina kuma ya ruɓar musu da akumarai. Mutumin naka ya kasa zama. Ya tafi bakin kogi ya shiga jirgi cikin mutane, tun da tsohon bai san fuskarsa ba, don ya ji da kunnensa yadda za a turo masa arziki. Madugun ayarin ya tambayi inda ake samun akumari. Kafin mai fito ya buɗe baki, wani dattijon falke, wanda ya fi kowa daɗewa yana sayen akumarinsa, ya faɗi sunansa, ya ce shi dai bai ga kamarsa ba. Gaskiya tsagwaronta ya faɗa, ko ɓarin goro ba a ba shi ba. Mai fito ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "Haba dattijo, kai ma goron ya iso gare ka?" Mutanen jirgi suka bushe da dariya. Sannan mai fito ya kwatanta wa madugu mai rumfar gari na gaba, ya ce sunan wancan bai cika jinsa ba, amma duk sa'ad da ya ji, a bakin mai jaki ne.

Kunya ta rufe dattijo. Da aka sauka ya ja jakinsa yana cewa daga yau, ko roƙonsa aka yi, ba zai ƙara sa baki a zancen akumarin kowa ba. Mai akumari yana laɓe a gefe yana ji. Wallahi wannan ta fi yi masa ciwo a kan ayarin da ya wuce, don wani ayarin zai zo, amma bakin da aka yarda da shi, shi da kansa ya toshe shi da goronsa. Ya koma gida ya tarar da akumaransa jibge, masu kyau, ba abin da ya same su, ba kuma mai zuwa.

Injin binciken nan, Malam Jatau, halin mai fito gare shi. Yana jin masu ambatonka, yana kuma duba su wane ne. Ƙungiyar manoman nan da ta sa adireshinka a shafinta, don sun shuka irinka ya tsira, ita ce dattijonka. Nemi irinta, malaman gona da masu taki, ka ba su abin da za su nuna ba tare da jin kunya ba. In kuwa ka tara mata 'yan caca a jirgi ɗaya, to, tun tuni Hausawa suka ce garin neman ƙiba akan samo rama.