Saƙonnin da Ba Su Goge Ba

Kwana goma da rasuwar matarsa, yana tsugune gaban kwamfutar da ya kafa a falo, yana neman muryarta. Babu ko tari. Shi da hannunsa ya saita manhajar gidan ta riƙa goge saƙo bayan mako guda, wai kada wani kamfani ya san sirrinsu. Ta kuwa yi aikinta tsaf.

Autarsa ta miƙo wayarta a tsorace. "Baba, kada ka yi faɗa. Ni da Mama muna da waccan manhajar da ka hana."

Saƙo ɗari uku! Ya danna wani na bara, sai ga muryar matarsa.

"Auta, likita ya ce ciwon ya bazu. Na gaya wa kowa, amma kada babanki ya ji. Ba zai iya ɗauka ba."