Irin Geron Marigayi

Aina'u shekararta talatin da huɗu, malamar firamare ce a Zakirai, mijinta soja ne da aka kashe a Borno. Da la'asar Kamaruddeen, mai fassara finafinai da ke neman aurenta, ya zo zance. Ta same shi a zaure, ba ta shimfiɗa tabarma ba.

"Na kalli tsohon fim ɗin yaƙin da ka fassara," ta ce.

Ya yi murmushi. "Ya yi kyau ko, ranki ya daɗe?"

"Sojan zai tafi, ya ce wa matarsa, 'Ki ajiye min irin gero, ni zan shuka.' Ina Bature ya san irin gero?"

Murmushin ya ɗauke. Maganar ƙarshe ke nan da mijinta ya yi mata, kuma Kamaruddeen kaɗai ta taɓa faɗa wa, tana kuka.

"Wallahi, Malama, wurin ne ya dace da ita."

"Yau da ita 'yan ajina ke tsokanar juna."

"Jibi fa iyayena za su zo."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. "Ka ce su huta."

Ta shige gida. Irin geron da ta sauko da shi don Kamaruddeen ya shuka bana, ta mayar rumbu ta rufe.