Ranar Shan Ruwan Marina

Tun da aka kafa dokar cewa kowane marini sai ya sha ruwan da yake saki a kogi, Barau marini ya tsani ranar Laraba, ranar da jami'ar ruwa ke zuwa bincike. Wannan makon kuma buntun shinkafar da ke tsotse gubar rini ya yanke a kasuwa, sai matarsa Tabawa ta cika matatar ruwan marinarsa da ɓawon gyaɗa.

Jami'ar ruwa ta tara kofi a bakin matatar, ta ɗaga sama. Garau!

"Bismillah, Malam Barau."

Ya runtse ido ya shanye, ya sauke ajiyar zuciya.

"Ban faɗa maka ba, Malam?" in ji Tabawa tana dariya. Sannan ta ruga ta kori akuyarta daga tulin ɓawon da ya koma shuɗi, wanda har yau ba a san inda za a kai shi ba.