Ramin Katin da Suhail Ya Jira

"Baba, ga ta!" Suhail, saukarsa ke nan daga Legas, ya buɗe sabuwar laftof a zaurensu na Ƙofar Gayan.

Tun azumi mahaifinsa Malam Labaran yake roƙon a kawo kowace iri, don ya ga jikarsa da aka haifa a Sudan. Allon waya ya yi masa ƙanƙanta. Suhail ya ce a jira mai sabon ramin saka katin ajiya, ita ce ta zamani.

Ya kira ƙanwarsa, uwar jikar, ta bidiyo. Jaririyar ta fito tana dariya.

Tsohon ya laluba gefen laftof ɗin har yatsansa ya sami ramin.

"Wannan muka jira?" Ya numfasa. "Faɗa mini da wa take kama. Idona ya tafi tun bayan sallah."