Direba da Surukinsa a Kan Tabon Zoɓo

Ka ce ka ga inda yayanka yake kuskure a harkar shagon nan, amma nauyinsa ya hana ka magana. To, gyara zama in ba ka misalin wani direba, sai ka auna da kanka.

Direban nan shekara shida yana tuƙa wani dattijo, tsohon alƙali da ya ajiye aiki. Motar ta tsufa kamar mai ita. Kujerunta na fata ne ruwan madara, duk sun yi 'yan tsage-tsage saboda zama da rana, amma dattijon yana ji da su. Shi da kansa ya koya wa direban yadda ake goge su: tsumma mai laushi, ruwa mai ɗumi, ɗan sabulu marar ƙarfi, a riƙa dangwalawa a hankali, ba a dirza. Wata Asabar dattijon ya ara wa direba motar ya kai matarsa gidan iyayenta sunan ɗan ƙanenta. A hanya jarkar zoɓon da ta dafa ta kwanta, murfin ya yi yoyo, kafin su isa kujerar baya ta yi jan tabo kamar tafin hannu, daidai wurin zaman maigida. Direba ya duba, ko a jikinsa. Ya san aikin rabin awa ne in ya koma gida.

Sai ga surukinsa ya fito tarbarsu. Baduku ne, shekara arba'in yana ɗinka takalma da jakunkuna da kube, kuma duk garin babu wanda ya kai shi sanin fatar akuya. Ya leƙa, ya shafa tabon da yatsa, ya ce, "Ai fata ce. Bar mini." Ya sa aka kawo masa jiƙon kanwa da lemun tsami da soso. Direba yana tsugune a gefe, kai a ƙasa, yadda ya saba a gaban uban matarsa. Da ya ga soson nan ya gane ɓarna za a yi, domin ya san fatar mota fenti ne siriri a samanta, kanwa kuwa cinye shi za ta yi. Maganar ta zo masa har baki. Amma yaya mutum zai dubi surukinsa, a ƙofar gidansa, ranar suna, ga jama'a zazzaune a tabarmi, ya ce masa ba haka ake yi ba? Ya haɗiye. Ya lallashi kansa da cewa wanda ya tsufa a cikin sana'ar fata, wataƙila ya san abin da shi bai sani ba.

Shi ma tsohon badukun, dirza biyu ya yi hannunsa ya gaya masa gaskiya. Fatar da ya sani shan ruwa take yi, wannan kuwa ruwan zamewa yake a kanta, kuma da ya ɗaga soson sai ya ga launin kujerar a jiki, ba jan zoɓo kaɗai ba. Ya saci kallon direba, ya ga bai ko motsa ba. Sai ya ce a ransa, mutumin nan ya shekara shida da motar, da ɓarna nake yi ai da ya nuna. Kuma da wane ido zai ce bai san wannan fatar ba, a gaban wanda ya ba 'ya? Ya ci gaba da dirza. Ka ji fa, manya biyu masu hankali, kowa ya jingina da shirun ɗan'uwansa. Da wurin ya yi fari ya bushe, tsoho ya shafe shi da man shanu yadda yake lausasa fatarsa ta sana'a. Direba ya yi godiya, har da ƙara durƙusawa.

Motar ta yini a rana. Washegari wurin ya tsage ya ɗaye, faɗin faifai, ƙarnin man shanu ya cika ko'ina. Da aka mayar masa da motar, alƙali ya daɗe tsaye yana kallo. Bai yi faɗa ba, dama waɗanda suka saba yanke hukunci ba su cika ɗaga murya ba. Tambaya biyu ya yi wa direban: ko yana wurin aka yi, kuma ko ya san haka za ta faru. Direba ya amsa duka biyun da gaskiya. Dattijo ya miƙa hannu ya karɓi makullinsa. Ya ce kujera ba komai ba ce, ana sake mata fata. Abin da ba zai iya ba shi ne ya zauna a bayan mutumin da zai ga ɓarna tafe ya yi shiru don kunya, domin wata rana wani babba zai ce masa ya bi nan, alhali shi ya hango ramin.

Inda abin ya fi ba ni tausayi shi ne da labari ya je wa tsohon badukun. Sai ya ce wa 'yarsa, "Da ko tari ya yi, da na tsaya." Direba kuwa wata biyar yana neman aiki, kuma duk tsawon lokacin daga gidan surukin nan ake aiko musu da dawar tuwo. Kunyar da ya guje wa ta ɗan lokaci ce, wadda ya sha kuwa kullum sai an kawo masa ita a ƙwarya.

Ban ce a yar da kunya ba, ado ce, kuma akwai yadda ake yi wa babba magana ya ji ba tare da an ci fuskarsa ba. Amma shiru bai taɓa gyara abin da yake lalacewa a gaban ido ba. Ka yi mini afuwa, maganar ba ta da tsafta, sai dai Hausawa ba su tauna ta ba da suka ce: barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.